Ranar da Aka Cire wa Ƙanena Mari

Mai gabatarwa, barka da aiki. Dattijo ne ke gaishe ka daga Tsibiri.

Tun da ruwan dam ya ci gonarmu ƙanena Sanda ya samu taɓin hankali, ni da kaina na sa masa mari. Ɗiyata Hajo, da goyonta, ta fara koyon jinyar irinsu a asibitin Mafara, ta ce a cire masa marin. Na ce ba da yawuna ba, na daina amsa gaisuwarta.

Ranar Juma'a ta zo, ta kwance goyon ta miƙa masa. "Baffa, riƙe mini jikanka." Sanda ya rungume shi yana hawaye. Ta ce, "Baba, kira maƙeri." Na kira.

Yanzu za ta Sakkwato ƙarin koyo, ni zan riƙe yaron. Masu sauraro, yaya tsoho ke lallashin ɗan yaye?