Haƙoran Ɓera Ne, Ba Nawa Ba

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiyarmu ta manoma, dattawa masu albarka, iyayenmu mata da kuke rufe baki tun ban fara ba, da sauran jama'a, ina gaishe ku gaisuwar girma. Masu leƙa ƙarƙashin kujerunsu su kwantar da hankali, yau godiya ce ta tsayar da ni.

Bayan godiya ga Allah, godiyata ta farko ga Baba Bakanike take. Kun tuna ranar da tsohuwar taraktarmu ta ƙi tashi, ga ruwa ya sauka, ga gonaki na jiran huɗa. Ba a tuhumi inji ba, ni direbanta aka tuhuma. Aka ce wanda ya taɓa ɗaure takalmin mai gadi a ƙafar benci, ba abin da ba zai aikata ba. Shugaba ya ce in aka sami hannuna a ciki, ni da sitiyari har abada. Ban ga laifin kowa ba, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Baba ya buɗe inji. Ya gwada batir, da ƙarfinsa. Ya duba mai, yana zuwa. Ya zare wayar fulogi ya ce in riƙe, aka murza makulli, ban ji komai ba. Ya ce to, wuta ce ba ta isowa. Ya bi wayoyi da yatsa yadda Malam ke bin rubutun allo, har ya iske inda ɓera ya gwigwiye, ga sheƙarsa a gefe. Ya nuna wa Shugaba ya ce, "Yaron nan ya iya tsiya, amma haƙoransa ba su kai haka ƙanƙanta ba."

Godiya ta biyu ma tasa ce. Da ya sauya wayar sai ya ce, "Ɗana, sake riƙe mana." Na riƙe da zuciya ɗaya, aka murza makulli. Jama'a, kun ga tsallen da na yi, har yau hulata tana kan rufin rumfar tarakta. Ni da na saba sa mutane tsalle! Amma ban taɓa shan azabar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba, domin wutar da ta fizge ni ita ta tayar da inji, ita ta wanke ni, ita ta mayar da ni kan sitiyari.

Roƙona guda ne, Shugaba: a samo wa rumfar tarakta kyanwa.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya albarkaci gonakinmu, ya mayar da kowa gida lafiya, ya shirye ni a hankali. Na gode.