Mutumin da ya bi mu da alli

Mai girma Magajin Gari, Fada Ramiro na cocinmu, Inna Orosia matar marigayi da 'ya'yanki, dangi da maƙwabta, sannunku da zuwa, sannunmu da rashi.

Wata guda ke nan da muka rufe Baba Eusebio Latre. Ya kasance mai gyaran tarakta, mai tsada kuma. Ya kasance mutum ɗaya tilo a ƙauyen nan da ke duban kangon fadar kan tudu ya ga tarihi. Mu kuwa tun kakanni wurin ɗibar dutse kyauta muka mai da shi. Kowane ango sai ya kafa murhunsa da dutsen fada, wai don albarka. Neman albarkar nan ya cinye katanga uku.

Bara hukumar lardi ta ce za ta rushe hasumiyar da ta rage kafin bazara: ta karkato kan hanya, kuma babu shaidar tsufanta. Shaidar tana jikin dutsen saman ƙofa mai ɗauke da shekarar gini, Baba kuma ya rantse yana gidan ɗayanmu.

Ya kasance mai naci. Ya bi gida gida da alli yana sa lamba a duk dutsen da ya gane, mu muna bin bayansa da soso. Kawu Fermin ya ce masa nasa a gona kakansa ya tono shi. Baba ya ce, "Ashe a gonarku har sassaƙaƙƙen zaki ke tsirowa."

Ya rasu bai ga dutsen ba. Washegarin jana'iza kunya ta kama mu, aka fara turo baro zuwa dandali, kowa na kallon ƙasa. Dutse sittin da uku! Na ƙarshe ya fito daga garken awakin wani babban mutum da na fara gaisarwa ɗazu. Aka juya shi, aka kankare taki, sai ga shekarar ɓaro-ɓaro: 1287.

Jiya takardar hukumar lardi ta iso. Hasumiya ta tsira, jama'a, gyara ta za a yi!

Inna Orosia, da aka karanta miki kin ce da ya san mutuwa ce maganinmu, da ya yi ta ƙarya tun bara. Ki yi haƙuri, mun makara, amma mun zo. Ku 'ya'yansa, ranar Asabar za mu hau tudu da duwatsun, ku ne a gaba.

Na gode muku duka. Ubangiji ya ba Baba Eusebio hutawa ta har abada, ya ba iyalinsa dangana, mu kuma ya ba mu ƙarfin baya. Amin.