Motar da Ta Kashe Malam Nura

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar ni da numfashi har na tsaya a gabanku yau. Fasto, dattawa, iyaye mata, 'yan'uwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Sunana Iliya, mutumin Biliri. Yawancinku kun san ni da zama can baya kusa da ƙofa, kun kuma san in na shiga motar mutum sai na sauke gilashi ko da rana na narka kwalta. Wasu har tsokanata suke yi, wai ni da esi, na'urar sanyaya mota, ba ma ga maciji. Yau za ku ji dalili. Shaidata ba ta da daɗin ji, ku yi haƙuri da ni.

Lokacin korona, kamfanin da nake wa gadi ya rage mutane, da ni a ciki. A ɗakinmu na unguwar Fereej Abdel Aziz, nan ƙasar waje da muka zo ci-rani, akwai wani bawan Allah, Malam Nura, mutumin Funtuwa, shi ma an sallame shi. Musulmi ne, gadonsa na ƙasa, nawa na sama. In ya tashi sallar asuba sai ya daki ƙafata ya ce, "Fasto, tashi ka yi taka, kada a ce na fi ka." Ni ba fasto ba ne, amma har ya bar duniya bai kira ni da wani suna ba.

Shi ya kawo shawarar mu haɗa abin da muka tara mu sayi mota, tunda kowa na kulle a gida, aikin kai wa mutane cefane kuwa yana tafiya. Muka je wani shagon motocin hannu wajen Aziziya. Mai kula da shagon, wanda kowa ke kira Mudir, ya nuna mana wata farar mota. Tana ƙyalli, kafet sabo dal, ƙamshin turare kamar ɗakin amarya. Ya ce istimararta, wato takardar motar, tana da sauran watanni, ba sai mun kai ta bincike ba. Farashin kuma ya yi mana sauƙi. An ce araha ba ta ado, to wannan ta yi ado har ta rufe mana ido. Da sunana aka rubuta ta.

Malam Nura na tuƙi da safe, ni da yamma. Ba a jima ba na fara ciwon kai. Ba irin wanda kuka sani ba. Kaina ya yi nauyi, idona ya yi ja, zuciyata na tashi, wani lokaci in tsaya a danja in manta inda za ni. Na ce korona ce. Na yi gwaji, babu. Na sake, babu. Na ce takunkumin fuska ne. Mahaifiyata ta ce daga gida ne, wai akwai masu baƙin cikin fitata waje, ta shiga azumi.

Abin da ya ƙara ruɗa ni, duk ranar Jumma'a garau nake. Ranar ce ta hutu a nan, ranar muke sujada ta waya, ni kuwa ba na fita aiki. Sai na ce lallai yaƙin ruhu ne, in ina gaban Ubangiji ya sake ni, in na fita ya kama ni. Ban taɓa kawo mota a raina ba.

Malam Nura ma yana fama, amma shi ba mai ƙorafi ba ne. Sai ya sha maganin ciwon kai ya ce, "Fasto, yunwa ce, cikin Bahaushe bai saba da shinkafar nan tasu marar mai ba."

Wata Talata ya fita bai dawo ya ba ni makulli ba. Na kira, tana ta ringin. Can wajen la'asar ɗan sanda ya ɗauka. A bayan wani bene a unguwar Mirqab suka same shi. Ya yi sallar azahar, ya shiga mota yana jiran saƙo na gaba, ya kwantar da kujera, gilashi a rufe, esi a kunne, kamar yadda kowane direba yake yi a garin nan in rana ta take. Hularsa na kan fuskarsa. Bai farka ba.

Wayyo Allah! 'Yan'uwa, mutumin da ya raba gurasarsa da ni da safen nan.

A nan aka binne shi. Saboda dokar cutar, mutane kaɗan aka bari. Na tsaya daga nesa ina kallo. Na koma ɗaki na tarar da takalminsa na wanka a ƙarƙashin gado, na kasa hawa nawa, a ƙasa na zauna.

Likitoci suka ce hayaƙin mota ne ya cika masa jini. Aka rubuta tsautsayi, aka sake min motar. Na sa janwe ya kai ta gareji. Da bakanike ya ɗaga sabon kafet ɗin nan, sai ga ƙasa ina hangowa ta cikin ramuka. Motar ta taɓa yin mummunan haɗari ta baya, aka yi mata walda sama-sama, tsatsa ta cinye ƙasanta, salansa ta tsage daidai ƙarƙashin kujera. Bakaniken ya ce ba ta gyaruwa, in an toshe nan can zai buɗe. Duk watannin nan guba muke shaƙa, turare ya rufe.

Na tafi wurin Mudir. Na ce, "Ka sayar mana da kabari. Ɗan'uwana ya mutu a ciki."

Ko ɗagowa daga wayarsa bai yi ba. Ya ce, "Habibi, Allah ya ji ƙansa. Amma wa ya ce ya yi barci a mota? Mota gado ce? Ka duba, ka so, ka saya. Khalas, magana ta ƙare."

Na yi ta zarya. Yau a ce ya fita, gobe a ce bukra, wato sai gobe, jibi mai gadi ya tare ni a ƙofa. Mai gadi, irin aikina! Na kai ƙara inda ake kai wa, aka tambaye ni shaidar cewa ya san da lalacewar kafin ya sayar. Ina zan samo? Motar na ajiye a wani fili ƙura ta rufe ta, ni na koma gadi, ina kwana ina tashi da Mudir a ƙirjina. Ina zuwa sujada, amma addu'ata guda ce: Ubangiji, ka karya shi, ka sa ya dawo da haƙƙinmu. Matar Malam Nura na can gida da yara, rabonsa na cikin wannan ƙarfe. Yayansa, Alhaji Bala, kullum sai ya kira ni.

Sai gasar cin kofin duniya ta matso. Kun tuna yadda garin ya koma. Kowa na neman mota, duk abin da ke da taya huɗu ya yi daraja. Ina bakin aiki sai ga kiran Mudir, murya kamar zuma. "Habibi, ina motar nan? Kawo ta, in ba ka kuɗinka duka. Duka! Mafi mushkila, babu matsala."

Na durƙusa a wurin na ce Haleluya! Na kira mahaifiyata ta yi guɗa. Na kira Alhaji Bala ya ce alhamdulillahi. Har na gaya wa Fasto ya ajiye min lokacin shaida. Da a haka ta ƙare, da wata shaidar daban kuka ji daga bakina.

Na kai motar. Tun ba mu shiga ofis ba yaran shagon suka hau ta da ruwa da sabulu. Na ga ɗaya ya fito da sabon kafet a naɗe, da kwalbar turare. Na ce, "Mudir, me za ku yi da ita?"

Ya yi dariya. "Kai dai karɓi kuɗinka. Yalla, yi maza ka sa hannu, akwai mai jira."

Akwai mai jira kuwa. Wani mutum ne kakkaura da riga mai ruwan ɗorawa, yana zagaya motar yana shafa ta. Ya ji na yi waya da Hausa, sai ya matso fuska a sake. Da jin harshensa ɗan zangon Kumasi ne.

"Maigida, sannu. Motan nan naka ne? Yana da kyau ko? Na sayar da filina na gida, zan yi aiki da shi lokacin bal. Ka gaya min gaskiya, kai ɗan'uwa ne."

Na ce ina zuwa.

Na zagaya bayan shagon, wurin da suke jibge tsofaffin tayoyi, na durƙusa cikin ranar nan. Ban yi addu'a mai tsari ba, faɗa na yi da Allah. Na ce, "Ubangiji, ai ni na roƙa! Haƙƙina ne! Haƙƙin marayu ne! Ba ni zan sayar masa ba, Mudir ne. Ina ruwana?" Ina faɗa ina kuka kamar yaro.

Ban ji murya daga sama ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na gani a zuciyata shi ne kujerar nan a kwance, da mutum a kai, hula a fuska. Sai dai rigar mai ruwan ɗorawa ce. Na kuma gane Mudir yana iya cewa bai sani ba, amma ni na leƙa ramukan da idona. In na sa hannu, ba tsautsayi ba ne kuma.

Na ce, "Yesu, ba ni da ƙarfin barin kuɗin nan. In kana so in bari, ka riƙe min hannu." 'Yan'uwa, ya riƙe!

Na tashi na koma. Na kama hannun mutumin Kumasi, na buɗe ƙofar baya, na yaye kafet. Na ce, "Leƙa. Abokina a nan ya mutu. In ka saye ta, kai ne na biyu." Ya leƙa, ya dube ni, ya ce, "Innalillahi." Ya juya ya tafi, ko sallama bai yi ba.

Mudir ya fito yana ihu, ya kira ni mahaukaci, ya ce kada ya ƙara ganin ƙafata. Na ce, "Mota tawa ce, da sunana take." Na kira janwe, muka wuce wurin masu sayen ƙarafa. Ban tafi ba sai da na ga injin ya matse ta ta koma kamar gwangwanin madara. Abin da suka ba ni, na tura wa matar Malam Nura, bai taka kara ya karya ba.

Kada ku zaci komai ya yi daɗi daga nan. Alhaji Bala ya ce na haɗa baki da dillali na cinye rabon marayu, har yau ba ya ɗaukar wayata. Matata da ke gida ta yi kwanaki ba ta yi min magana ba. Mudir na nan yana sayar da motocinsa, in na wuce a bas ina hango shi. Ni har yanzu gadi nake, ina tura wa yaran Malam Nura abin da ya samu. Ciwon kan ma yakan dawo. Malam Nura kuwa ba zai dawo ba, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Amma ranar da Gana ta ci wasa, da yamma ina tsaye a bakin aiki, motoci na wucewa da tuta ana ta oda. Sai ga wata tsohuwar mota ja, direban ya fito da rabin jikinsa ta taga, yana ihu da iya ƙarfinsa. Shi ne, mutumin Kumasi. Ya dube ni ido cikin ido, bai gane ni ba, ya wuce. Ko sunansa ban sani ba. Na tsaya cikin kayan gadi hawaye na zuba, ina ta cewa: yana numfashi, Ubangiji, yana numfashi!

Sau biyu Yesu ya cece ni daga motar nan. Na farko, bai bar ni na mutu a cikinta ba, ban kuwa fi Malam Nura da komai ba. Na biyu, bai bar ni na kashe wani da ita ba. Wannan na biyun ya fi tsada, shi ne kuma na fi gode masa a kai.

'Yan'uwa, ku dogara gare shi, ko da amsar da ya ba ku ta bar ku hannu wofi. Ku riƙa tuna yaran Malam Nura cikin addu'a. Direbobin da ke cikinmu kuma, don Allah, in barci ya kama ku a mota, ku kashe inji ku sauke gilashi.

Yabo da ɗaukaka su tabbata ga sunan Yesu. Amin.