Karsanar da Farfesa Bappayo Ya Bayar

Jawabin Dakta Fannami Kolo, likitan sa barci, a taron tunawa da marigayi Farfesa Bappayo Giɗaɗo, a Gwagwalada

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Mai girma wakilin Ministan Lafiya, shugaban asibitinmu da shugabannin sassa, iyayenmu Hakimi da Arɗo, malamanmu limamai da fastoci. Adda Hajjo, yayar marigayi, wadda ita ce uwa a wannan zaure. Hajiya Ikhlas, mai ɗakinsa. 'Ya'yanmu Fatihu da Kausar. Likitoci, ma'aikatan jinya, ɗalibai, da ku da kuka zo da tabon wuƙarsa a cikinku, kuna tafiya da ƙafafunku: assalamu alaikum.

Da aka ce ni zan yi magana, na san da gangan aka yi. Ni Babarbare ne, shi Bafillatani, kun kuwa san abin da ke tsakaninmu. Fiye da shekara ashirin ina tsaye a wajen kan maras lafiya ina sa shi barci, shi yana wajen ciki yana yanka. Ina ce masa bawana, yana ce min da ƙwaryar nono ɗaya kakansa ya sayi kakana, kuma an yi masa tsada. Yau ga ni ga lasifika, ba shi da bakin ramawa. Wallahi da na fi so ya rama.

Amma ba makoki muka zo yi ba. Makoki mun yi shi a farkon damina, mun yi kuka har ya ishe mu. Yau mun zo ne mu faɗi abin da mutum ɗaya ya yi da rayuwarsa, kuma mu faɗe shi da babbar murya.

Ya kasance ɗan ruga, a nan bayanmu ta hanyar Dobi. Ranar da mahaifinsu ya yarda a kai shi makaranta, sai an sami mai karɓar sandarsa ya bi shanu, Adda Hajjo ce ta karɓa. Adda, ba ki taɓa shiga ɗakin tiyata ba, amma duk hantar da aka ɗinke a garin nan da ladanki a ciki.

Ya kasance mai bincike wanda ba ya jin daɗin kujera. Tun yana ƙaramin likita ya lura da samari da ake kawo mana daga rugage da gonaki, ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, an gama yawon masu magani ana cewa sammu ne. Ya ce wannan sammu ya cika son hanta, bari ya je ya ga mai yin sa. Ya bi ruga ruga, ƙauye ƙauye, yana roƙon a ba shi jini ya auna, yana leƙa rumbunan mutane kamar mai neman ɓatacciyar kaza. Can ya gano abokan gaba biyu da suka haɗa kai: ƙwayar cutar hanta da uwa ke ba jaririnta ba ta sani ba, da fumfunar gyaɗa da masarar da aka zuba a rumbu ba su gama bushewa ba. Abin da ya rubuta an karanta shi a ƙasashen da ni ko sunansu ban iya faɗa daidai ba. Sun kira shi, sun nuna masa gida da ɗakin bincike, suka ce ya zauna. Ya je, ya dawo mana da mura, ya ce ƙasar da ba a samun kindirmo ba wurin zaman mutum ba ce. Yau ku je Nyanya, za ku ji ungozoma na tambayar mai jego ko an yi wa jaririn allurar hanta tun kafin suna. Ba ta san Bappayo ba, amma maganarsa ce a bakinta.

Ya kasance gwanin wuƙa, kuma mai koyar da ita. Ɗalibansa da ke nan sun tuna safiyar Asabar, lokacin da zai biya wajen mahauta ya taho da hantar bijimi, ya shimfiɗa a tebur, ya ce kowa ya ɗinke jijiya. In an gama sai ya ɗura ruwa. Wanda ɗinkinsa ya yi yoyo, in an zare zaren an kai hantar wajen mai tsire, sai dai ya sha ƙamshi. Da wannan hantar bijimi aka fara, har ranar da ya miƙe a taro ya ce a nan Gwagwalada za a yi dashen hanta: a yanki wani sashe daga jikin ɗan'uwa mai lafiya, a dasa wa maras lafiya, ta tofo a jikin wannan, ta cike a jikin wancan. A lokacin sai wanda ya iya hawa jirgi ya ƙetare teku ke samun wannan aiki. An yi masa dariya, ni ma na taya. To ga shi an yi, an sake yi, har mun daina kiran 'yan jarida.

Sai dai bawan nan nawa yana da hali, kuma tun da ba ya nan zan tona. Bappayo ba ya yabo. Fulakonsa ya yi yawa. Ka kwana kana shiri, ka wuni kana aiki, ka ceto ran da kowa ya fid da rai da shi, abin da za ka samu daga bakinsa shi ne, "Ba laifi." A shekarunsa na ƙarshe ma ya daina riƙe wuƙa. Sai ya tsaya a bayan ɗalibarsa, Dakta Rumaisa Sadisu, ya harɗe hannuwa a baya, in ta kusa yin kuskure ya yi gyaran murya. Sau da yawa takan same ni a ofis idonta ya yi ja, ta ce, "Baba Fannami, mutumin nan bai taɓa ce min na iya ba. Ko dai ban iya ɗin ba ne?" Nakan ce mata, "'Yata, matarsa ma ki tambaye ta ko ya taɓa yaba miyarta." Hajiya Ikhlas, ga ki nan, in ƙarya na yi ki tsayar da ni.

Bara, bayan wani aiki mai wuya, muna wanke hannu, ya ce mata ba tare da ya dube ta ba, "Akwai wata karsana a garken Adda, ja mai farin goshi. Na ba ki ita haɓɓanaye." Rumaisa Bakanuwa ce, a saman bene take zaune a Dutse Alhaji. Ta ce, "Oga, a ina zan ɗaure ta, a baranda?" Muka kwashe da dariya. Na ce mata kin ga rowar Filani ko, ya ba ki saniyar da ba za ki taɓa gani ba. Shi kuwa ya goge hannunsa ya fita.

A farkon daminar nan aka kawo mana Malam Enoch, manomin doya daga ƙauyukan Gbagyi da ke maƙwabtaka da rugar su Bappayo. Hantarsa ta gama aiki. 'Yarsa Kindness, tela ce a Nyanya, ta ce a yanki tata a ba babanta. Aka auna, jini ya dace, aka sa rana. Ranar ba ta zo ba Allah Ya karɓi ran Bappayo, ciwon zuciya na farat ɗaya.

Kun ga inda muka tsaya. Wasu daga cikinmu suka ce a dakata har a gayyato ƙwararru daga waje, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ni da nake duba Enoch kullum na san ba zai kai lokacin ba. Shi kansa ya ƙi. Ya ce min da Hausarsa ta Gbagyi, "Dakta, ni Oga ne na sani. Wannan yarinya ba zai taɓa ni ba, balle ya taɓa 'yata." Rumaisa kuwa ta ce ba ta taɓa yin dashe babu gyaran muryar nan a bayanta ba. Ran Enoch yana hannun Allah yana hannunmu, kuma kowa ya san in aka fasa wannan aiki, to ba Bappayo kaɗai muka binne ba, har da abin da ya gina.

Cikin wannan hali muka je ruga yi wa Adda gaisuwa. Muna zaune a tabarma ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wace ce Rumaisa?" Ta kama hannunta, ta ja ta har garke, ni ma na bi su, don Babarbare ba ya bari a yi magana babu shi. Ta nuna mata karsana ja mai farin goshi, ga ciki ya fito. Ta ce, "'Yata, ke ba ki san haɓɓanaye ba. A wurinmu, mutum kan ba wani aron karsana, ya riƙe ta har ta haihu sau biyu ko uku. 'Yan maruƙan nasa ne, uwar ya mayar wa mai ita. Da haka wanda ba shi da garke yake yin garke. Amma ba a ba kowa, sai wanda aka tabbata ba zai bar ta ta lalace ba. Bappayo tun da ya yi wayo bai taɓa ba kowa ba. Ranar da ya zo ya zaɓi wannan, na ce wa za a ba? Ya ce, wadda in cikina za a buɗe, ita zan kwanta wa."

Rumaisa ta dafa bayan karsanar nan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Da muka dawo na wuce gadon Enoch na ba shi labari. Mutumin da ko kai ba ya iya ɗagawa sai ga shi ya yunƙura. Ya ce, "Tsaya, Dakta. Bafillatani ya ba wannan yarinya saniya? Da kansa? Ba a kotu ba?" Na ce da kansa. Ya ce, "Ni da Filani muka girma, rijiya ɗaya muke sha. Zai ba ka nono, zai ba ka wurin kwana, amma saniya? To a kira shi ya zo ya yanka."

Ranar aiki, abokin aikinmu Dakta James ya yanko sashen hanta daga jikin Kindness, Rumaisa ta cire ta Enoch da ta mutu, ta zauna ɗinkin jijiyoyi. Ina daga wajen kai ina kallon bugun zuciya, nawa ya fi na maras lafiya gudu. Da ta gama, lokacin sakin jini ya yi. A nan ne ake sanin ko ɗinki ya yi ko bai yi ba. Na ga ta waiwaya sau ɗaya, ta dubi wurin da yakan tsaya, babu kowa. Ta juyo ta saki matsin da ya tare jijiyoyin jini. Hantar nan da ke fara fat ta fara yin ja daga gefe, ta cika, ta ɗauki ɗumi, babu yoyo ko ɗigo. Can sai ga ruwan maɗaciya yana tsattsafowa, alamar ta kama aiki. Ina cewa alhamdu lillahi, Sista Margaret tana cewa mun gode Yesu, wata ƙaramar nas har ta fara guɗa a cikin takunkumi. Rumaisa ta daɗe tana kallon aikinta, sannan ta ce, "Ba laifi."

Malam Enoch, don Allah ka miƙe jama'a su gan ka. Kindness, ke ma taso ki tsaya kusa da babanki. Ku dube su! Da safen nan shi ya sa aka sauke sabuwar doya a ƙofar gidan Hajiya Ikhlas, yana tsaye yana faɗa da yaran wai za su farfasa masa ita. Ku tafa, ba laifi ba ne a tafa a wurin tunawa da irin wannan mutum.

Hajiya Ikhlas, kin ci tuwo ya huce shekara da shekaru kina jiran mutumin da ke tsaye kan cikin wani. Ga abin da haƙurinki ya saya, yana tsaye da ƙafafunsa. Fatihu, Kausar, in mahaifinku bai taɓa ce muku kun yi ƙoƙari ba, kada ku damu, ni ya dama da labarinku har na gaji. Adda Hajjo, sandar da kika karɓa ba ta faɗi ƙasa ba.

Karsanar nan ta haihu a watan jiya. Rumaisa ta tambayi Adda, in lokaci ya yi wa za ta mayar wa uwar, tun da mai ita ba ya nan. Adda ta ce kada ta mayar, ta duba cikin ɗalibanta, wanda hannunsa ya nuna ta ba shi. Don haka ku masu zuwa ɗinkin Asabar, ku gyara zama.

Muna gode wa duk wanda ya taso, na kusa da na nesa, Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Bappayo, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa duk numfashin da aka ja ta dalilinsa ya zame masa haske. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka ƙarfafa hannun ɗalibansa. Ya Ubangiji, aronsa Ka ba mu, ya zauna a garkenmu, Ka karɓi abinKa, ba mu da ta cewa. 'Yan maruƙan kuwa ga su nan cike da zaure, Ka bar mana su. Amin.