Wa Zai Tura Motar Malam Batir?

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban wannan makaranta. Mai girma mataimakinsa. Shugabar ƙungiyar iyaye da malamai. Malamai maza da mata, na yanzu da waɗanda suka riga maigidana ajiye alli. Tsofaffin ɗalibai da suka taso daga nesa. Masu gadi da masu shara, waɗanda suka jera kujerun nan da muke zaune a kai. 'Yan'uwa da abokan arziki, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An ce in tashi in yi godiya a madadin iyalin wanda ake yi wa bankwana, domin shi Malam tun da aka yaye mayafin motar can bakinsa ya ƙi rufuwa, buɗaɗɗen baki kuwa ba ya jawabi. To, mun gode. Mun gode da taron, mun gode da yabon, mun gode da wannan mota da kuka haɗa kuɗi kuka saya masa. Ta hannu ce, amma an wanke ta har tana ɗaukar ido.

Ga baƙin da ba su san dalilin kyautar ba, bari in faɗa musu. A makarantar nan, duk malamin da ke da mota ba ya ajiye ta a inuwa, sai a kan gangaren bayan ɗakin karatu, hancinta na kallon ƙasa. Idan an tashi, sai ya shiga ya sa giya, a turo shi, ta yi tari sau biyu ta kama. Mai turin kuwa, tun Malam yana da baƙin gashi har ya yi furfura, shi ne. Ba shi da mota, ba ya saurin zuwa ko'ina, ga ƙirji. Shi ya sa kuke kiransa Malam Batir, kuna zaton ban sani ba. Na sani, ni nake wanke rigunan.

Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina da magana a kan abin da mota ke ci a shekara, kuma duk abin da zan faɗa daga bakinku ya fito, domin mai turi yana jin abin da direba ke faɗa idan mota ta ƙi tashi, kuma Malam ba ya ɓoye mini komai.

Na farko, mota tana da ciki. Tana shan mai idan ana tafiya, tana shan mai idan an tsaya a cunkoso, tana neman juyen baƙin mai ko da albashi bai shigo ba. Malamin lissafi yana nan, Allah Ya ƙara masa lafiya. Shi ne ya taɓa ce wa Malam, “Ni fa yanzu idan na ga gidan mai, kawar da kai nake yi kamar na hango surukina.” Wannan mai albashi ke nan. Mu kuwa daga watan gobe fansho za mu jira, kowa kuma ya san tafiyar fansho.

Na biyu, mota tana da takardu, takardun kuma suna mutuwa duk shekara. Lasisi ya mutu, inshora ta mutu, takardar lafiyar mota ta mutu, ko an hau ta ko ba a hau ba, ko tana kan titi ko tana kan duwatsu kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Malamar kimiyya ta sabunta nata tsaf a farkon shekara, sati bai zagayo ba injin ya buga. Shekarar nan kaf takardu na raye, mota na kwance.

Na uku, mota tana da likita, likitan kuma ba ya sallama. Ka kai masa ita tana ƙara a gaba, ya dawo maka da ita tana ƙara a baya. Mataimakin shugaba ya tambayi bakanikensa, “Wai yaushe za ka gama da motar nan?” Sai ya goge hannu da tsumma ya ce, “Ranka ya daɗe, ai ni da kai mun zama 'yan'uwa.” Ban ma zo kan taya ba. Huɗu ne, kuma ba sa mutuwa tare, sai ɗaya bayan ɗaya, kowace ta zaɓi watan da ake biyan kuɗin makaranta.

Na huɗu, wanda ba ya cikin lissafin kowa, mota tana da dangi. Jiya kawai labari ya fita, amma ƙanen Malam ya riga ya bugo waya yana tambayar ko bayanta na ɗaukar buhu. Gwaggonsa ta aiko cewa asibitinta ranar Talata ne. A cikinsu babu wanda ya tambayi kuɗin lita.

Jama'a, kuna dariya, ni ma ina yi, amma ga abin da ke cina. Gidanmu ɗaki biyu ne aka rufa da sabon kwano, falo da ɗakin girki suna nan da tsohon rufi. Idan hadari ya haɗu, ni ba shanya nake fara kwashewa ba, robobi nake jerawa, na san inda kowane ɗigo yake sauka. Shekara da shekaru Malam yana ce mini, “Ki yi haƙuri, kuɗin sallama na zuwa, rufi ne farko.” Na yi haƙuri. Yau da safe yana ɗaura agogo, bai ko kalle ni ba, sai na ji ya ce, “Rufin nan ai zai iya ƙara damina ɗaya.” Motar ba ta shigo gida ba, ta fara cin kwanona. Wallahi abin ya yi mini zafi.

Na so in ce ku mayar da ita. Amma ɗazu na ga fuskarsa lokacin da ya shafa sitiyarin nan. Mutumin da ya ƙare aikinsa yana kallon motoci ta baya, hayaƙi na dukan fuskarsa, yau ya leƙa ta gaba. Ba ni da zuciyar da zan hana shi.

Saboda haka ga roƙona, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya ba da jariri riƙo, da madararsa yake haɗawa. Shekarar farko, takardu da juye da bakanike su zama a wuyan ƙungiyar malamai, mai kuma mu ji da shi, har in ga kafinta ya buga ƙusar ƙarshe a kan falona. Makullin yana nan a jakata, na karɓa in riƙe masa lokacin da ake ɗaukar hoto, kuma jakar tana da zik mai kyau. Ranka ya daɗe shugaba, ina sauraro.

Ya gyaɗa kai. Jama'a kun gani, mai hoto ka ɗauka. Mataimaki ma ya gyaɗa, ko da yake nasa a hankali ne. Allah Ya saka da alheri.

Saura abu guda. Gidanmu a kwari yake, babu gangare, ni kuma gwiwoyina sun riga Malam yin ritaya. Mai gadi ya shaida mini yadda motar nan ta shigo harabar nan da safe, kuma ba da ƙarar inji ta shigo ba. Don haka idan an shafa addu'a, kada mai mota ko ɗaya ya sulale. Ku naɗe hannun riga ku bi bayanta. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah Ya albarkaci wannan makaranta da masu koyarwa a cikinta. Allah Ya ba Malam lafiyar cin fanshonsa, Ya sa fanshon ya zo yana da haƙoran ci. Allah Ya raba motocinku da gangare, Ya raba aljihunku da gareji, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Malam, ungo makullinka. Shiga gaba ka zauna, ka sa giya ta biyu, kada ka waiwaya. Yau kai za a tura.

Na gode.