Kifin da Neville Ya Mayar Ruwa

NEVILLE: Halo.

CLIVE: Yaya Neville, barka da yamma. Clive ne.

NEVILLE: Na ga sunanka ai. Barka kadai.

CLIVE: Ka isa gida lafiya? Ya gajiyar gasar kamun kifi?

NEVILLE: Babu gajiya.

CLIVE: Ya Anti Maureen? Ya ɗaurin kaya? An kusa gamawa?

NEVILLE: Tana nan cikin kwalaye. Ranar ashirin ga wata motar kwashe kaya za ta zo, sai garin Blackpool, wajen 'yarmu. Ya Doreen da yara?

CLIVE: Lafiya lau, suna gaishe... Halo? Kana ji na?

NEVILLE: Kamar daga cikin tulu kake magana.

CLIVE: Bari in fita waje, mutanen kulob sun cika ɗakin da hayaniya. Yauwa. Yaya, mun neme ka wajen awo. Masu sikeli sun zo wurin zamanka, lamba tara, ba kai ba kujerarka. Saura minti arba'in a busa usur aka ce ka naɗe kaya.

NEVILLE: Bayana ne ya riƙe. Awa biyar a bakin kanal, hanyar ruwan nan ta jirage, cikin yayyafi, ba kowa ne yaro irinka ba.

CLIVE: Yaro mai shekara hamsin da takwas.

NEVILLE: To, kira ka yi in taya ka murna, na taya ka. Kofi na huɗu ke nan. Sai ka sa Doreen ta ƙara kanta a falo.

CLIVE: Wa ya gaya maka na ci?

NEVILLE: Sai an gaya mini? Tun da safe da ka sa hannu cikin jakar ƙuri'a ka zaro lamba ashirin da uku na san an gama. Gindin gada, inda kifi ke kwana. Ni kuma tara, gaban masana'anta, kowane jirgin 'yan hutu sai ya bi ta kan fatsata. Shekara ashirin da shida ina cikin kulob ɗin nan, ban taɓa zaro gada ba. Kai sau nawa?

CLIVE: Jaka ba ta san sunan kowa ba, Yaya.

NEVILLE: Ta san naka. Ni na koya maka ɗaura ƙugiya, ni na koya maka kwaɓa burodin koto, har sandar da kake kamu da ita tawa ce ta da. Gasata ta ƙarshe kafin in bar garin, amma ka kasa ɗaga mini ƙafa.

CLIVE: Tsaya tukuna. Me ka ji, kuma a bakin wa?

NEVILLE: Wani mai keke ne ya biyo ta bayana, ya tsaya yana kallon ragar da nake tara kifina a ciki. Ya ce in wannan ne kamun nawa in tafi gida in sha shayi, don can gindin gada wani mai koriyar hula ya fito da kifi tsawon hannunsa, mutane har hoto suke ɗauka. Wa ke sa wannan mummunar hular in ba kai ba?

CLIVE: Ka tambaye shi wane irin kifi ne?

NEVILLE: Mai keke? Ina ya san irin kifi?

CLIVE: Faik ne, Yaya.

NEVILLE: Me ka ce? Layin ya yanke.

CLIVE: Faik. Mai dogon bakin nan da haƙora. Ina jawo wani ɗan ƙaramin kifi ya biyo shi ya haɗiye, ƙugiyar ta kama shi a gefen baki. Minti ashirin muna ja-in-ja. Ka san doka, kai ka tsaya a taro aka sa ta: ba a auna faik. Hoto kawai aka yi na sake shi. Bayan nan kuwa ko motsi, ya kore mini komai.

NEVILLE: To nawa ka auna?

CLIVE: Laba huɗu da oza uku.

NEVILLE: Wa ya ci ke nan?

CLIVE: Ranar ba ta yi wa kowa kyau ba, ruwan ya yi sanyi. Roy ya zo na biyu da laba uku da rabi.

NEVILLE: Na ce wa ya ci.

CLIVE: Ni ne. Halo? Yaya?

NEVILLE: Ina ji.

CLIVE: Abin da ya sa na kira ke nan. Glenda ce a lamba goma, kusa da kai. Da aka gama awo ta ja ni gefe. Ta ce tana kallo ka ɗaga ragarka daga ruwa ka juye ta, manyan kifaye biyu masu faɗin nan suka fita, ban da ƙanana. Ta ce ta kira sunanka ka jira sikeli, ko waiwaye ba ka yi ba. A ganinta ya haura laba biyar.

NEVILLE: Idon Glenda sikeli ne? Matar da ke neman tabaranta alhali yana kanta?

CLIVE: Na je wajen sakatare, na ce ko za a karɓi shaidarta. Ya ce in kawo kifin ya auna.

NEVILLE: Wa ya aike ka?

CLIVE: Ba wanda ya aike ni. Ka ji, ran Juma'a za a miƙa kofin a wajen cin abinci. Ina so in tashi in faɗa wa kowa cewa naka ne, in ba ka ka tafi da shi Blackpool.

NEVILLE: Ka tashi ka ce me? Ga yayana, baƙin cikina ya sa ya zubar da kifinsa, ku tafa masa? Sannan in ɗora kofi mai sunanka a sabon falona, kullum in goge shi?

CLIVE: Ba haka nake nufi ba.

NEVILLE: Ka ci a gaban kowa, yanzu kuma kana so ka zama mai kyauta a gaban kowa. Ɗayan bai ishe ka ba?

CLIVE: To me zan ce in an tambaye ni? Glenda ba ta riƙe magana.

NEVILLE: Ka ce bayansa ya riƙe, 'yan ƙanana ne a ragarsa, ba su kai laba biyu ba. Ka kuma ce ba zan samu zuwa ran Juma'a ba, muna ɗaurin kaya.

CLIVE: Yaya, cin abincin na ban kwana da kai ne fa. An sa a yi kek.

NEVILLE: Ku ci.

CLIVE: Shi ke nan abin da za ka ce?

NEVILLE: Clive.

CLIVE: Na'am.

NEVILLE: Glenda ba ta iya ƙiyasi ba. Ni na ɗaga ragar da hannuna. Laba shida da rabi ne.

CLIVE: Yaya, don Allah ka... Halo? Halo?