Ƙudan Yaya Matrona

Shugabar majalisar ƙauyenmu, Uwargida Agripina. Fada Simeyon, wanda ya sa wa jiragenmu albarka tun farkon bazara. Jami'ar kula da kifi da ta taso takanas daga birnin Kodiak. Dattawanmu maza da mata. Masu jiragen ruwa da masu fatsa daga gaɓa. Matan da suka kwana biyu suna fama da tanda don mu ci. Jama'a baki ɗaya, barkanmu da ganin wannan rana.

Ina godiya da aka ce ni Lariyon in yi magana da yawun masu ɗaura ƙudan fatsa, wato ƙudan ƙarya da muke yaudarar kifi da shi. Na san wasu sun zaɓe ni ne don su ga yadda tsoho zai ci tuwon kunyarsa a gaban mutane. To ku gyara zama, zan ci, kuma ba zan rage ba.

Magana ta farko a kan kifinmu ce. Baƙi masu zuwa da tsadaddun sandunan fatsa sun raina Mai Doro, ƙaramin kifin salmon ɗin nan namu. Suna cewa ƙarami ne, namansa laushi, namijinsa kuma da ya shigo rafi sai bayansa ya kumbura kamar wanda ya goyo kaya. Su je can su nemi manyan kifayen salmon a tsakiyar teku. Mu dai mun san wane kifi ne yake zuwa har bayan coci, inda gwauruwa da ba ta da jirgi za ta tsaya da ƙafarta ta kama, inda tsoho mai ciwon gwiwa zai cika ɗakin ƙyafe kifinsa kafin sanyi ya rufe mu. Kowa ya raina gajere bai taka kunama ba. Mai Doro ne ya raine mu, kuma ina alfahari da faɗin haka a gaban kowa.

Magana ta biyu ita ce kunyar tawa. Shekara arba'in ina ɗaura ƙuda: ƙugiya, zare, gashin tsuntsu, ƙyalƙyali, in naɗa dalma a ciki don ya nutse. Duk akwatin fatsa a garin nan akwai aikina a ciki, kuma kaina ya yi girma da hakan. Sai bara waccan, farkon watan Agusta, aka fara tsintar kifaye matattu a gefen Rafin Coci, bayansu a yage, ƙwai cike da cikinsu ba su kai ga zubarwa ba. Majalisa ta zauna ta ce idan abin bai tsaya ba, za a hana jefa ƙugiya a rafin har abada. Masu jirgi ba abin da ya dame su. Waɗanda rafin ne kaɗai gonarsu, su ne suka fita daga zauren nan cikin damuwa.

Ni kuwa na miƙe a nan inda nake tsaye, na buga tebur, na ce laifin baƙi ne da ba su iya jifa ba. Har tafi aka yi mini.

Washegari da hantsi sai ga yayata Matrona a shagona. Kun san ta, ga ta can kusa da tukunyar shayi tana harara ta. Shekara sittin tana feɗe kifin garin nan, amma ba ta taɓa riƙe sandar fatsa ba, don a gidanmu an ce wannan aikin maza ne. Ta juye wani gwangwani a kan teburina. Ƙudaje ne sun fi hamsin, duk da jini a jikinsu.

Ta ce, "Daga bayan kifi na ciro su. Baƙin naka ne suka ɗaura waɗannan?"

Na ce, "Yaya, ƙuda ai ƙuda ne, kowa yana iya..."

Ta ce, "Rufe mini baki. Na san ƙullinka kamar yadda na san kukanka tun kana zanen goyo. Kai da ka iya ado, ka taɓa leƙa ruwan? Kifi kwance a ƙasa, jiki da jiki kamar itace a rumbu, kai kuma ka saki ƙugiya mai nauyi haƙorinta na kallon ƙasa, kana jan ta a kansu. Ƙuda ka ɗaura ko garma?"

Jama'a, gaskiya ta faɗa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Sai ta miƙa hannu sama ta fizge 'yar sarƙar nan mai ƙwallaye da nake ja in kunna fitilar shagon. Ta ce in yanko ƙwallo biyu in ɗaura su a gadon bayan ƙugiya, kamar idanu. Ta warware ulu ruwan hoda daga bakin tsohon mayafinta, ta ce, "Sa kaɗan. Ba amarya kake shiryawa ba." Muka jefa shi cikin bokitin ruwa. Nauyin ƙwallayen ya juya shi, ya kwanta rigingine, haƙorinsa na kallon sama.

Na ce, "Yaya, a ina kika koyi wannan?"

Ta ce, "A jikin raunin. Ku kuna kallon kifi yana tsalle, ni nake kallonsa a kan katako."

Cikin mako guda babu sarƙar fitila ko ɗaya da ta rage a garin nan, don kowa ya koma ɗaura irin wannan ƙudan. Mutane suka koma hawa kujera suna murza ƙwan lantarki da hannu. Fada Simeyon ya tsaya bayan sujada ya ce wanda ya ɗauke ta ɗakin ajiyar coci an yafe masa, amma ya kawo kifi biyu. Fada, yau zan faɗa: ni ne, kuma kifinka suna cikin tanda.

Magana ta uku ga matasa masu koyon ɗauri. Ku zaɓi ruwan hoda, shi Mai Doro yake so. Ku ɗaura shi ƙarami, siriri, ba cunkoso. In ruwa ya yi laka ku ƙara haske, in ya yi garau ku rage ƙyalƙyali. Ku matse ƙayar ƙugiya da filaya, don kifin da za a sake shi ya tafi lafiya. Fiye da komai, ku jefa kowane ƙuda a bokiti kafin ku kai shi rafi, in bai juya haƙori sama ba ku kwance shi. Ƙudan da ya burge mai ɗaura shi ya yage kifi, ba gwaninta ba ce, ɓarna ce.

Majalisa ta ce ba za ta yanke hukunci ba sai 'ya'yan kifin waccan shekarar sun dawo daga teku, kuma kowa a nan ya san Mai Doro ba ya ƙara rana a kan shekara biyu kafin ya dawo rafin da aka ƙyanƙyashe shi. Shekara biyu na yi ina wucewa ta gadar rafin ina sunkuyar da kai. To bana kun gani da idanunku. Rafi ya yi baƙi da kifi tun daga bakin teku har gindin dutse, jami'a ta bi gaɓa da ƙafarta ta duba, kuma ɗazun nan Shugaba ta sanar cewa Rafin Coci zai ci gaba da zama a buɗe.

Ranar da kifin suka shigo, na ɗauki sandata na kai wa Yaya. Tana da shekara saba'in da takwas ta yi jifanta na farko. A na huɗu sanda ta lanƙwashe. Da ta jawo kifin kan tsakuwa ba ta yi murmushi ba, ta ɗaga shi sama ta ƙwala mini kira, duk rafin na ji.

"Lariyon! Zo ka duba wa mutane. A baki ne ko a baya?"

A baki ne, jama'a. A baki ne.

Saboda haka daga yau kada wanda ya ƙara cewa ƙudan Lariyon. Ni hannu kawai na bayar. Sunansa ƙudan Matrona, kuma ina alfahari da zama ƙanenta fiye da duk shekaru arba'in da na yi a kan tebur.

Allah ya kiyaye waɗanda ke kan teku, ya dawo da su gidajensu lafiya. Allah ya cika ɗakunan ƙyafe kifinmu, ya sassauta mana sanyin bana. Allah ya ja kwanan dattawanmu, ya ba mu kunnen jin su tun kafin su juye mana gwangwani a tebur. Yaya tana nuna mini tanda da haɓa, don haka a nan zan tsaya.

Na gode.